Manchester by the Sea: Fim a Kan Baffan da Ya Kasa Riƙon Maraya

Fim ɗin Manchester by the Sea, wanda Kenneth Lonergan ya rubuta kuma ya ba da umarni, ya fito a shekarar 2016, kuma yana buƙatar haƙurin mai kallo, domin tsawonsa ya haura sa'o'i biyu, tafiyarsa kuma a hankali take. Yana bin rayuwar Lee Chandler, mai gyaran famfo da kwashe shara a wasu gidajen haya kusa da birnin Boston na Amurka. Wata rana aka sanar da shi cewa wansa Joe ya rasu sakamakon ciwon zuciya. Da ya koma garinsu, lauya ya karanta masa wasiyyar da ta ɗora masa riƙon Patrick, ɗan marigayin mai shekara 16.

A wurinmu, baffa ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa abu ne da ba a tsayawa shawara a kansa, saboda haka da farko nauyin jikin Lee yana ba mutum haushi. Sai a tsakiyar fim aka bayyana dalili: shekarun baya, sakacinsa a wani dare da ya sha giya ya jawo gobarar da ta cinye 'ya'yansa uku a wannan garin. Daga nan duk shirunsa ya sami ma'ana. Casey Affleck ya taka rawar ba tare da kururuwa ko kuka mai yawa ba, da sunkuyar da kai da gajerun amsoshi kawai, kuma a ganina ya cancanci lambar Oscar da ya samu a 2017.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun gawar. Sanyi ya daskarar da ƙasa har ba a iya haƙa kabari, dole aka ajiye Joe a firiza sai yanayi ya sassauta. Patrick, wanda ya yi ta nuna dauriya, ya buɗe firjin gida da dare, daskararren nama ya zubo ƙasa, nan take numfashinsa ya sarƙe ya fashe da kuka, baffansa kuma ya rasa abin yi sai zama kusa da shi. Ga wanda ya saba a yi jana'iza a ranar rasuwa, wannan jiran yana da wuyar kallo.

Na yaba wa Lonergan da bai mayar da riƙon marayan maganin ciwon Lee ba. Lee yana ƙaunar yaron, ya kuma shirya masa wanda zai riƙe shi, amma zaman garin ya fi ƙarfinsa.

Kiɗan da aka ɗora a fitowar gobarar ya yi yawa, har yana danne abin da ido ke gani, sannan fitowar 'yan matan Patrick ta ja lokaci fiye da kima. Akwai ashar da shan giya da yawa, don haka bai dace a kalle shi tare da yara ba.