Kwana goma da Ubuntu 24.04 tun bai gama nuna ba

Ina da ƴar rumfar buga takardu a nan Tawa, galibin masu zuwa wurina ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ne masu rubutun kammala karatu. Kwamfutoci biyu gare ni. Ɗaya ita ke ciyar da gida, ba na wasa da ita. Ɗayar tsohuwa ce, ta gwanjo, a Yamai na sayo ta. Windows 11 ba ya hawa kanta don ba ta da TPM 2.0, wata ƴar na'urar tsaro da yake buƙata, ga shi a lokacin Microsoft ya riga ya sanar zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Na ce gara in nema mata makoma tun da sauran rana. Shi ya sa da Ubuntu 24.04 na gwaji ya fito bayan ƙaramar Sallah ta 2024, ban jira cikakken ba; Ubuntu wani nau'in Linux ne, tsarin tafiyar da kwamfuta da kan maye gurbin Windows.

Shi kansa na gwajin ya makara da mako guda. A ƙarshen Maris wani injiniya, Andres Freund, ya gano an cusa wata ɓoyayyar kafa ta ɓarayi cikin xz, ƴar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Sai Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ya ɗaga fitarwar, ya sake gina manhajojin. Wannan ma ya kwantar mini da hankali.

Saukowar ce ta fara cin kuɗi. Fayil ɗin ya kusa giga shida. Da wayata na jawo shi cikin dare, aka ɗauke wuta wajen ƙarfe biyu, na kwana ina fifita ina kallon lissafi yana rarrafe. Da asuba na zuba shi a filash.

Girkawa kam sai hamdala. Sabon mai girkawar tambayoyinsa a fili suke, da Faransanci, kuma nan take ya gane allon rubutuna AZERTY ne, irin na Faransanci. Sauti, wayfay, na'urar buga takarda, duk suka tashi ban nemi komai ba, abin da kan ci mini yini a da. Fuskar da ake gani a allo, GNOME 46 ake kiranta, tsaf-tsaf, ba tarkace. Akwai wani sabon maɓallin bincike a wurin ajiyar fayiloli da ke laluben kwamfutar gaba ɗaya. Duk wanda ɗalibi ya taɓa ce masa "ban tuna sunan da na sa wa takardar ba" zai san darajarsa. Sunan wannan fitowar Noble Numbat, wai wata ƴar dabbar Ostareliya ce mai cin gara. Da za a kawo mana ita, da rufin rumfata ya huta.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Zaɓi biyu ake bayarwa wajen girkawa, ƙarami da babba, ƙaramin kuma shi ne a kan gaba. Na danna na wuce ban karanta ba. Washegari babbar kwamfutar tana hannun yarona, sai ga wata ɗaliba da shafi arba'in tana son gyara. Na buɗe tsohuwar da fahariya, ashe babu LibreOffice, manhajar rubutu da gyaran takardu, sai Firefox da ƴan ƙananan abubuwa. Ta dube ni ta ce, "Malam, ko in je in dawo?" Na ce ta zauna ta sha ruwa, minti biyar ne. Sai da muka yi la'asar.

Abin da ya fi daɗa ni da shi Hausa ce. Cikin jerin allunan rubutu akwai na Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba sai na kwafo su daga wani wuri ba. Sai dai a kan tsarin QWERTY aka gina shi, irin na Najeriya. Ka danna inda aka rubuta A, Q ta fito. Kwana uku ina rubuta "qbinci" kafin yatsuna su saba, har yanzu ma idan na koma Faransanci sai na yi tuntuɓe.

Inda Ubuntun na gwaji ya nuna halinsa shi ne sabuntawa. Kusan kullum da safe akwai tarin gyare-gyare suna jira, haka lamarin yake tunda a lokacin ana kan aikinsa ne. Ga mai intanet na wata wannan ba komai ba ne. Ni da ke sayen data jika-jika, cikin kwana goman nan na kashe abin da ya fi cinikin yini biyu. Ita ma tsohuwar, da giga huɗu na ƙwaƙwalwa, idan na buɗe shafuka da yawa sai ta fara nishi, musamman da zafin azahar na Afrilu.

Na yanke cewa tsohuwar ta bar Windows ke nan. Cikakken an sa masa ranar fitowa 25 ga Afrilun 2024, da alkawarin kulawa ta shekara biyar, kuma wanda ya girka na gwaji sabuntawa kawai zai yi ya tsinci kansa a ciki, ba sai ya sake sauko da giga shida ba. Yarona ya fara matsa mini mu sa wa babbar ma. Na ce ya bari ɗalibai su gama kare rubutunsu tukuna.