Ceto yana kuɓucewa? Amsa biyu ga mai faɗuwa yana tashi

A ce matashi ne a Sabon Tasha, ya tuba ran Lahadi, kafin Laraba ya koma cacar ƙwallo a waya. Dare ya yi, bakinsa ya yi nauyin addu'a. Har yanzu shi ɗan Allah ne?

Faston Baftis zai ce masa, "Ɗana, Almasihu ne ke riƙe da kai." Hujjarsa Yohanna 10:28, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Zai ƙara da Romawa 7:19: Bulus ma ya koka cewa muguntar da ba ya so ita yake aikatawa. A nan damuwar yaron kanta shaida ce, tunda gawa ba ta jin zafin tsinke. Sai dai malalaci kan mai da wannan koyarwa katifa.

A ikilisiyar Assemblies of God kuwa za a buɗe masa Ibraniyawa 6:4-6, cewa wanda ya ɗanɗani alheri yana iya juya baya. Ba kowane tuntuɓe suke nufi ba, watsar da bangaskiya ne. Amma mai raunin zuciya ba ya jin bambancin, kowane mako yana gaban bagade yana sake karɓar Yesu.

Gardamar tsohuwa ce, ita aka zauna a kai a taron shugabannin ikilisiya na Dort, a ƙasar Holan, 1618 zuwa 1619.

Ni dai ga yaron da kunya ta hana barci, amsar farko zan fara ba shi, tare da 1 Yohanna 1:9 mai cewa in muka furta zunubanmu Allah zai gafarta mana, sannan ya goge manhajar cacar a gabana. Wanda ya daina jin kunyar, shi zan karanta wa Ibraniyawa.