Madarar Kwakwa: Ɗanya, Ta Gwangwani Ko Busasshiya?

Wata 'yar uwa ta tambaya cewa za ta dafa shinkafar kwakwa, shin ta goga ɗanya ta tace, ko ta sayi ta gwangwani, ko busasshiyar da ake sayarwa a leda ma za ta yi?

'Yar uwa, in dai shinkafa ce, ɗanya ta fi. Ki zaɓi kwakwa mai nauyi, wadda in kin girgiza za ki ji ruwa na motsi a ciki, idanunta uku kuma babu fumfuna ko jiƙa. Ruwan nan na ciki ba shi ne madarar ba, abin sha ne kawai, ba shi da maiƙo. Madara daga naman take fitowa. Ki kankare baƙin bayan in kina son ta fito fara tas, ki goga ko ki markaɗa da ruwan ɗumi kofi ɗaya, ki matse a kyalle mai tsabta. Wannan tatar farko ita ce mai kauri, ki ajiye ta gefe. Ki ƙara wa dusar ruwa kofi biyu ki sake matsewa, wannan ta biyun da ita ake ɗora shinkafa. Kwakwa ɗaya babba ta ishi shinkafa kofi biyu. Sai ruwan ya kusa tsotsewa za ki zuba mai kaurin, ki rage wuta ta turara. A nan mutane da yawa suke kuskure: su juye duka tun farko a wuta mai ƙarfi, madarar ta tsinke, mai ya taso sama, ƙasan tukunya ya kama tun shinkafar tana da tsakiya. Aibin ɗanya ɗaya ne, ba ta jira. Lokacin zafi in ta yini a waje ta yi yami, a firji ma kwana biyu ne.

Ta gwangwani kuwa, yawanci mililita 400 ce, kuma ta fi tatar gida kauri, don haka kar ki dafa da ita zalla, shinkafar za ta yi nauyi ta caɓe. Ki sirka gwangwani ɗaya da ruwa kofi biyu da ɗoriya ga shinkafa kofi biyu. In kin buɗe kin ga sama ya daskare, ƙasa ruwa tsararo, ba lalacewa ta yi ba, juyawa kawai take so. Ƙamshinta bai kai na ɗanya ba, amma a miyar kaza ko ta kifi da ta sha citta da attarugu, da wuya a gane bambanci. Abin da ya rage ki juye a roba mai murfi, kar ki bar shi a gwangwanin.

Busasshiya ita ce ta baya a wannan aikin. Za a iya jiƙa kofi ɗaya a ruwan zafi kofi biyu na minti 20 a markaɗa a tace, sai dai madarar ba ta da gardi sosai, wata ma an tatse manta kafin a busar. Ki duba ledar, don akwai mai sukari, wadda za ta mayar miki da shinkafa kamar kunu. Wurinta kek da biskit. Ko kwakumeti ma ɗanya ya fi so, domin damshin ne yake narkar da sukari ya kama jikin kwakwar kafin ta yi ja.

In dole sai da busasshiyar, ki soya albasarki da man kwakwa cokali biyu, zai cike ƙamshin da ya rage. Wanda ba a tace ba ake nema, mai ƙamshi, kuma a wuta matsakaiciya, don yana saurin hayaƙi. In kin same shi ya daskare fari da hunturu, ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, zai narke.