C63 ko RAV4 mai V6? Ƙanena, ɗauki RAV4

Ƙanena, tsakanin Mercedes C63 ta 2010 da Toyota RAV4 ta 2011 mai V6 (inji mai silinda shida) da ka ɗora mana hotunansu, kana tambayar wacce za ka saya da kuma ko ƙarfin C63 bai yi wa cikin gari yawa ba, ɗauki RAV4. Duka biyun na hau su da kuɗina, ba aro ba. C63 wata bakwai ta yi a hannuna, na sayar da ita da faɗuwa ina hamdala an samu mai saye. RAV4 kuwa shekararta ta biyar ke nan a ƙofar gidana a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi.

Haƙƙinta dai zan ba ta: C63 tana da murya. In ka tada ta da asuba, har gida na uku sun san ka tashi. Birkinta ma ba laifi. Yabon da zan iya yi mata ke nan.

Maganar ko ƙarfinta ya yi wa cikin gari yawa, ya yi, har ya yi saura. Injinta silinda takwas ne, lita 6.2 (kar "6.3" da ke manne a gefenta ta ruɗe ka, suna ne kawai), ƙarfin doki 457 a lissafin Turai. Daga tsaye zuwa gudun 100 daƙiƙa huɗu da rabi take yi, kuma a 250 aka ɗaure ta, ba don a nan ƙarfinta ya ƙare ba. A Jamus inda aka ƙera ta akwai manyan hanyoyin da a wasu sassansu doka ba ta sa iyakar gudu ba, ba jaki, ba ɗan akuya, ba mai tallan goro. Mu doka 50 ta ce cikin gari, kuma tsakani da Allah ranar Litinin ko Juma'a, in ka biyo ta babbar kasuwa ka samu 30, ka yi sa'a. Wannan 50 ɗin cikin kamar daƙiƙa biyu take kai ta. Ka taka, ka ɗaga ƙafa, an gama. Sauran yinin duk riƙon ta kake yi, kamar wanda ya hau ingarma a cikin zaure.

Yi wannan lissafin da kanka. Mota mai gudun 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga yaro ya tsallako, ƙafa ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa guda ta tafi, ka riga ka ci tsawon gida biyu ba ka fara tsayawa ba. In kuma gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata sau huɗu yake ninkawa. Samari sukan ce ai birkin babbar mota daban ne. Gaskiya ne, amma birki taya yake kamawa, taya kuma kwalta take kamawa, kwaltarmu kuwa rabinta rairayi ya kwanta a kai.

Ni a wata kwana ta wajen unguwar Zariya na gane haka. Watan Yuni ne, washegarin ruwan farko, ruwa ya kwaso rairayi ya shimfiɗa a kan kwalta sumul kamar an share. Wani mai gingimari ya miƙo hannu ya ba ni hanya, na ɗan taka in shige kar in tsayar da shi. Ita kuwa ƙarfinta duk a tayoyin baya yake. Sai ji na yi bayanta ya zame ya yi waje, fitilar na'urar da ke hana sulɓi tana ƙyaftawa a gabana, wilin baya na dama ya daki bakin kwalbati, ƙum. Da na ɗago, ga ɗan kabu-kabu tsaye da mace da goyo, tsakaninsu da ƙofata bai kai kamu biyu ba. Matar ba ta ce uffan ba, gyara goyonta kawai ta yi tana kallona. Ɗan kabu-kabun ne ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Gudun da nake yi ko 40 bai kai ba. Laifin ƙafata ne, motar abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi. Amma irin takun nan na yi shi sau dubu a RAV4, ko gezau.

Wahalar da ta biyo baya ita ce abin da mai hoton mota ba ya nuna maka. Tayar baya ta C63 lambarta 255/35 a wili mai inci 18, wato kaurin robar da ke tsakanin wili da ƙasa bai kai santimita 9 ba. Ta RAV4 ɗina 225/65 ce a inci 17, kusan santimita 15. Ramin da ɗaya za ta haɗiye ba ka ji ba, ɗayar tsagewa take yi a gefe, wilin ya lanƙwashe. Mai faci ya juya tawa, ya juya, ya ce, "Alhaji, ba a facin gefe." Tayoyin gaba kuma lambarsu daban ce da na baya, ba a musanyawa. Na zagaya masu taya na gari ban samu irinta ba, sai saƙo na yi Kano. Kwana goma sha ɗaya ina shiga adaidaita, mai ƙarfin doki 457 tana kwance a gida ƙarƙashin tampol, kaji suna shan inuwarta.

Ga ta kuma a ƙasa. Tazararta da ƙasa ba ta kai tsawon wayar da ke hannunka ba. Duk tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace, kana jin bamba tana kartar siminti, na bayanka suna ta oda. Lungunan Bagalam da Mokoyo da damina kuwa, ajiye ta kawai ka taka da ƙafa. Hajiyarmu sau ɗaya ta shige ta. Da muka iso sai da jikokinta biyu suka kama ta ta fito, ta ce, "Wannan ai ba zama ba ne, kwanciya ce." Ba ta ƙara ba.

Sai mai. Tankin C63 lita 66 ne, na RAV4 60. A farashin 2024, da aka maida lita sefa 499, cika ɗaya jaka 33 ne, wato sefa dubu 33, ɗayar jaka 30, ka ga kamar ba wani bambanci. Bambancin a nisa yake. Cikin gari C63 wajen lita 20 take sha a kilomita 100, RAV4 mai V6 12 zuwa 13. In kana yin kilomita dubu a wata, lita 75 ke tsakani, sama da jaka 37 ke nan kowane wata, kuɗin da ka ƙona kana bin bayan amalanke. Kuma ita tataccen fetur mai lamba 98 aka rubuta mata. In mai ya yanke maka a hanyar ƙauye, ba motar da za ka tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa a juye mata kwalba ba ce hankalinka kwance. Juye ɗaya man injinta ya haura lita takwas, kuma ba kowane iri ba. Bakanikenka na kullum, wanda ya san Toyota kamar yunwar cikinsa, in ka buɗe masa murfinta tsayawa zai yi ya riƙe ƙugu.

Yanzu bari in ba ka labarin tawa. A watan Agustan bara aka yi mana rasuwa a ƙauyen su Hajiya, can bayan Mayahi. Muka tashi bayan sallar asuba mu biyar: ni, Hajiya, ƙanwarta, maiɗakina da yaro guda, ga buhun shinkafa biyu, jarkar mai da katan ɗin sabulu a baya. Kafin Cadawa muka cim ma tireloli uku a jere suna jan ciki. A nan ne kaɗai ƙarfin inji yake da rana a ƙasar nan: lokacin da ka fita hannun da ba naka ba, kana son ka koma da wuri. V6 ɗin RAV4 lita 3.5 ne, ƙarfin doki 269, kuma da duk kayan nan na taka ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, ƙanwar Hajiya ko katse hirarta ba ta yi ba.

Da muka bar hanya muka shiga turba, an yi ruwa cikin dare. Rairayi mai zurfi, sawun amalanke ya haƙa rami biyu, tsakiya ta yi tudu, gero ya rufe hagu da dama yana sharar gilashi. Muka iske wani kwari ruwa yana gudu. Na fita na naɗe wando na shiga da ƙafa, ya kawo mini ƙasan gwiwa, ƙasansa kuma da ƙarfi. Na dawo, na danna maɓallin da ke kulle ƙafa huɗu, na sa ƙaramar giya, Hajiya tana ta Hasbunallahu. Muka haye a hankali, ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashi. Tazararta da ƙasa santimita 19 ce, ranar na san amfanin kowane ɗaya. Mun samu jana'iza. A dawowa ƙusa ta shiga tayar gaba, wani yaro mai faci a bakin hanya ya gyara ta kafin in gama shan shayi, da ƴan canjin aljihu. Tun daga ranar Hajiya ba ta ce mata motar wane, "motarmu" take cewa, kuma kujerar gaba tata ce, ba mai zama.

Kar ka ɗauka ba ta da nata. Ta girmi ƴaƴan wasunmu, kujerunta ba na sarauta ba ne, ƙofar bayanta gefe take buɗewa, in an matse ka a wurin ajiye mota sai ka yi dabara. Ba wanda zai juyo ya kalle ka a wurin ɗaurin aure. V6 ɗin ma ya fi mai silinda huɗu sha. In yawonka duk cikin gari ne, mai lita 2.5 ta ishe ka, ƙarfin doki 179, ta ma fi sauƙin ciyarwa. Amma na ga jininka na son abin da zai amsa in ka taka, shi ya sa na ce ka tsaya a kan V6.

Abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: ka yi hattara da dillalai. Ba duka ba, akwai na Allah, amma sana'ar ta tara. Hoton C63 ɗin da ka turo ma ban gamsu da shi ba, daga baya kawai aka ɗauke ta. Ana sayen tambarin AMG, sashen Mercedes da ke haɗa irin su C63, da bakin salansa huɗu a manna wa C300 ko C200, a yi mata fenti, a kira maka kuɗin C63. Ta gaskiya murfin injinta yana da tudu biyu, kafaɗunta na gaba sun fi faɗi, kuma in ka buɗe za ka ga ɗan faranti a kan injin da sa hannun mutumin da ya haɗa shi. Wanda ya sayar mini da tawa ta gaskiya ya ba ni, amma ya rantse bai taɓa taɓa agogon kilomita ba, daga baya na'ura ta nuna an maida shi baya. Sunansa na bar wa Allah.

RAV4 ɗin ma kar ka saki jiki. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka ƙafa biyu ce, ta gaba kawai ke ja, dillali kuma zai ce maka ƙafa huɗu ce yana kallon idonka. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta: in ba sandar da ta tafi baya zuwa tsakanin tayoyi, ƙarya yake. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, ta jikin gilashin gaba ta zama daidai da ta jikin ƙofa da ta takarda. A motar Amurka na goma a jerin shi ke faɗin shekara: A 2010, B 2011, C 2012. Sa wani ya bincika maka lambar a intanet, don akwai waɗanda ambaliya ta ci ko aka yi mummunan haɗari da su can, aka yi gwanjonsu, aka gyara fuska aka turo mana. Ɗaga kafet ka shinshina, duba ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshen laka. In ka murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta inji su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire mata ƙwai ne don ta yi shiru.

Takardun duwan, wato kwastan, kuma da idonka. Maraɗi hanyar wucewar motoci ce zuwa Najeriya ta Ɗan Isa, kuma motar da ke kan hanyar wucewa daban take da wadda aka biya wa kuɗin zama ƙasa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome, kowane dillali ya samu abin fakewa in zai tsuga kuɗi ko in takarda ta yi jinkiri. Kar ka yarda da "takardu suna hanya". Kar ka ba da kafin alƙalami sai ka kai su ofishin duwan an tabbatar maka, kuma ka ce da safe za ka zo gani, injin na sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama ba.

Ranar Asabar ina gida har azahar. Zo ka ɗauki tawa mu je Tibiri mu dawo, kai za ka tuƙa, mu biya mu ɗauki bakanikena, daga nan mu wuce wurin mai RAV4 ɗin. Ka taho da tocila da tabarmar da za ka kwanta a kai.