Sifirin matsakaici ko mai tauri: wanda za ka sa wa Land Cruiser 80 ɗinka

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambaya wane sifirin (murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan aksul) za ka sa wa Land Cruiser 80 ɗinka don ɗaga ta inci biyu, mai shago kuma yana nuna maka na kilo 400. Kada ka sayi na kilo 400 ɗin nan. Tunda ka ce a gaba ka ɗaura bambar ƙarfe da winci (injin igiya mai jawo mota in ta kafe), baya kuma yawanci babu komai sai lokacin kaka ko in za ka kai iyali gida, to matsakaici za ka sa a baya, mai ɗan tsawo a gaba. In sifirin kamfanin Old Man Emu na Ostireliya ne mai shagon ya nuna maka kamar yadda ka faɗa, lambobin su ne 2850 a gaba, 2860 a baya. Shi 2864, wato na kilo 400 ɗin da yake ta kurantawa, ka bar masa abinsa.

Ni na riga ka faɗawa wannan ramin, shi ya sa na yi saurin amsawa. Tawa ma 80 ce mai injin 1HZ. Lokacin da na saye ta gindinta ya riga ya zauna, buhu biyu kawai za ka ɗora ka ji aksul yana dukan roba a kowane rami. Na je wurin wani mai kayan gyara na ce ina son abin da zai ɗaga ta. Ya shiga ciki ya fito da wasu sifirin masu kaurin gaske, ba suna ba lamba, ya ce ko tan ɗaya na loda ba za ta rusuna ba. Kuma bai yi ƙarya ba, ba ta rusuna ba. Matsalar ita ce ni ba na ɗaukar tan ɗaya. Mafi yawan kwanaki daga ni sai jakata da akwatin sifana. Bayan motar ya ɗage kamar wutsiyar kunama, fitila ta koma haska ƙasa, a kan burji mai gargada kuwa tsalle take yi, in ka taka birki a kwana sai ka ji gindin yana neman ya riga kan wucewa. Sau ɗaya Hajiya ta shiga, daga Jalingo zuwa Bali, da muka sauka ta dafa ƙugu ta ce nan gaba in sama mata motar haya. Wata 7 na yi ina jurewa don kawai ina jin zafin kuɗin da na kashe.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin, kuma mai sauƙi ne. Ana auna taurin sifirin ne da nauyin da zai danne shi inci ɗaya. Na 2860 fam 220 ne a inci, wato kusan kilo 100. Tunda biyu ne a baya, sai ka ɗora kilo 200 a kan aksul kafin motar ta sauka inci ɗaya. Na 2863 fam 250 ne, kusan kilo 113. Na 2864 fam 320, kusan kilo 145, biyun sun kai kilo 290 kafin a ga inci ɗaya. Kamfanin da kansa ya ware su: 2860 daga mota wayam zuwa kilo 200, 2863 ga mai kilo 200 da ba ya sauka, 2864 ga mai kilo 400 da ba ya sauka. Wannan "ba ya sauka" ɗin shi ne gaba ɗayan maganar, kuma shi ne masu shago ke haɗiyewa. Ana nufin nauyin da ke kwana a motar ya tashi a motar: tankin mai na biyu, bambar ƙarfe ta baya mai ɗauke da safaya, durowar kaya, firji, kariyar ɗaukar kaya ta ƙarfe a kan rufi. Buhunan masara biyar da za ka ɗauko sau biyu a shekara ba sa cikin wannan lissafi.

Da na cire waɗancan na sa 2860, ranar farko na ɗauka taya ce ta yi sanyi, don na manta yadda mota ke tafiya ba ta dukan mutum. Amma inda na tabbatar shi ne wata tafiya Mambila da damina. Mu huɗu ne, da buhun shinkafa biyu, jarkar gas biyu da kayanmu. Mun wuce Serti, mun hau tsaunin daga Mayo Selbe lafiya, wannan duk kwalta ce ko abin da ya rage daga kwalta. Bayan Nguroje muka ratse zuwa wata ruga, hanyar da ruwa ya zaizaye ta zama kwazazzabai, jar laka kamar sabulu. Akwai wani wuri da taya ɗaya ta gaba ke hawa tudu, ta baya ta ɗaya gefen tana faɗawa rami. Na taɓa bin wurin da tsofaffin sifirin ɗin nan masu tauri, taya ta ɗage sama tana wulwulawa a banza, sai da matasa suka turo mu. Wannan karon motar ta murɗe jikinta kamar mage, tayoyi huɗu suna ƙasa, na sa ƙaramin giya ta haye a hankali ba ko ƙara. Wani dattijo mai tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yau ke aikin tsaunin, yana tsaye yana jiran ya ga mun kafe. Da muka wuce ya ɗaga mana hannu yana dariya. Dalilin a fili yake: sifirin mai laushi yana barin aksul ya karkata, gefe ɗaya ya lotsa ɗayan ya miƙe, taya ba ta rabuwa da ƙasa. In motarka ba ta da makullin dif, wato abin da ke tilasta wa tayoyin aksul biyu juyawa tare, taya ɗaya da ta tashi sama ita za ta kwashe ƙarfin aksul ɗin duka. Shekara ta huɗu ke nan suna jikinta, tsayin bai ragu yadda ido zai gani ba.

To, in ka loda ta fa lokacin kaka? A ce buhu huɗu na kilo 100. Da lissafin can sama za ta sauka kamar inci biyu, wato ta dawo tsayin da Toyota ta yi ta da shi. Ba abin tashin hankali ba ne, muddin ka tura kayan gaba, kan aksul ko gabansa. Abin da ka jibga can bakin ƙofar baya yana danna sifirin fiye da nauyinsa, yana kuma ɗage gaban motar. Ka kuma sani cewa babu sifirin da ke ƙara wa mota halattaccen nauyin da za ta ɗauka. Na 80 bai wuce kusan tan 3 ba har da ita kanta da mutanen ciki, yana rubuce a farantin motar. Birki, aksul da taya duk na jiya ne, ko da ka sa mata sifirin tirela.

Shi 2864, ban ce ba shi da rana ba. Wanda ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma da tanki biyu, ruwa lita 200 da safaya biyu, shi aka yi wa. Kai ba shi ba ne. Idan nan gaba ka sa tanki na biyu da bambar ƙarfe a baya, sai ka matsa zuwa 2863, nan ne iyakarka.

Maganar gaba kuma, mutane suna zaton 2850 ya fi 2851 tauri. A'a, dukansu fam 220 ne a inci, bambancin tsawo ne. 2850 ya ɗan fi tsawo don ya rama abin da bamba da winci za su danne. Mai mota wadda gabanta ke yadda ta fito daga kamfani 2851 zai sa. Kai kuwa in ka sa 2851 a ƙarƙashin wannan ƙarfen, hancin motar zai sunkuya, inci biyun da kake nema ba za su cika ba. In kana son ka yanke shakka, ka samu inda ake da sikelin manyan motoci, kamfanin casar shinkafa ko wurin fasa dutse, ka sallami mai kula da shi ya auna maka aksul ɗin gaba daban, na baya daban, tanki a cike, kayanka na kullum a ciki. Minti goma ne. Sauran kamfanonin sifirin irin su Dobinsons da Ironman ma haka suke rarraba nasu, gwargwadon nauyin da aka ƙara, don haka da wannan awon na aksul biyu za ka iya shiga kowane shago ka yi magana da ƙarfi.

Kada bakanike ya ce maka sifirin kaɗai ya isa. Shokozoba na asali gajere ne ga inci biyu, zai riƙa ƙurewa duk lokacin da taya ta sauka, ba zai daɗe ba. Ka saye su tare. Sannan ɗaga gaban 80 yana juya aksul kaɗan, kasta, wato jinginar da ke sa sitiyari ya miƙe da kansa, ta ragu, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau, mota tana yawo a kan kwalta, ba ta dawowa da kanta bayan kwana. Akwai bushin na gyaran kasta da ake dannawa a hannayen aksul ɗin gaba, a sa su rana ɗaya da sifirin. Akwai kuma wani bawul a baya da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, yana da sanda da ke haɗe da aksul. In motarka tana da shi, da an ɗaga ta zai ɗauka ko yaushe wayam take, ya rage wa tayoyin baya birki, sai an daidaita sandar. Bakanikai da yawa ba sa ma kallonsa. Ka tsaya a kansu.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja maka kunne kan masu sayarwa, don a nan ne aka fi cin mutane. Tsohon sifirin ɗan Beljiyam da ya gaji, a wanke shi, a fesa baƙin fenti, a manna takarda, ya zama "na Ostireliya". Wasu har gasa shi suke yi su ja shi ya ƙara tsawo. Ranar da aka sa zai ɗaga motar kamar gaske, bayan wata biyu ya koma inda ya fito, ko ya karye, don wuta ta riga ta kashe ƙarfen. Ka duba bakin murɗin na sama da na ƙasa, in ka ga alamar gogewa ko tsatsa a ƙarƙashin fenti, an taɓa hawa kansa. Ka shinshina, sabon fentin feshi ba ya ɓuya. Ka tafi da ma'aunin kauri, kada ka yarda da ido, domin ƙaramin bambanci a kaurin ƙarfen yana canja taurin sifirin sosai: daga milimita 17 zuwa 18 kawai, tauri ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Wanda ya ce maka sifirin ɗaya yana shiga 80, ya shiga Prado, ya shiga Patrol, ka yi masa sallama. Wanda kuma bai tambaye ka abin da ke jikin motarka ba kafin ya miƙo kaya, abin da ya kwantai masa yake son rabuwa da shi. Amma in ka ga biyun da ke kwali ɗaya ba su yi daidai a tsawo ba, ɗaya da alamar A ɗaya B, wannan ba algus ba ne. Haka aka yi su, mai tsawon yana zuwa gefen da ya fi nauyi, galibi gefen direba.

Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, ka faka a wuri mai daidai ka auna da tef daga tsakiyar wil zuwa leɓen madigadi, duk kusurwa huɗu, ka rubuta. Ka sake aunawa bayan an gama, sannan bayan mako biyu in sun zauna. Bayan ya kamata ya ɗan ɗara gaban kaɗan in babu kaya. Ka turo mana lambobin mu gani, in gefe ɗaya ya karkata to wataƙila A da B aka musanya, aikin awa ɗaya ne a mayar.