Carnavalet: Gidan da Birnin Paris Ya Ajiye Tarihinsa

Duk wanda ya dawo daga Paris, abin da ake fara tambayarsa shi ne ko ya hau hasumiyar Eiffel, ko ya shiga Louvre. Ba kasafai ake ambaton gidan tarihin Carnavalet ba, alhali idan nufin mutum ya san garin kansa da yadda aka yi ya zama haka, nan ne wurin zuwa. Louvre taskar duniya ce, akwai kayan Masar, na Girka, na Italiya, kowa da nasa. Carnavalet kuwa ba ruwansa da kowa sai Paris. Na shiga da hantsi da niyyar in leƙa in fito, sai ga ni har bayan azahar ina ciki.

Gidan yana unguwar Marais, lamba 23 a titin Sévigné, tafiya kaɗan ce da ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Saint-Paul. Ba a biyan kuɗi don ganin kayan dindindin, sai dai nunin da ake kawowa na ɗan lokaci. Ranar Litinin a rufe yake.

Tun daga farfajiya za ka gane cewa ginin kansa yana cikin abin kallon. An fara gina shi a 1548 domin Jacques des Ligneris, wani babban alƙali na birnin. A jikin bangon da ke fuskantar mai shigowa an sassaƙa siffofi huɗu na lokutan shekara, aikin da ake dangantawa da masassaƙi Jean Goujon da yaransa. A ƙarni na 17 mai tsara gine-gine François Mansart ya faɗaɗa gidan, sannan a 1677 Madame de Sévigné ta karɓi hayarsa, ya zama gidanta har rasuwarta a 1696. Wasiƙun da ta riƙa aika wa 'yarta ne suka sa sunanta bai ɓace ba, kuma teburin rubutunta na nan a ciki. A tsakiyar farfajiyar akwai mutum-mutumin tagulla na Sarki Louis na 14, wanda Antoine Coysevox ya ƙera a 1689. A 1792 masu juyin juya hali sun kayar da gumakan sarakuna sun narkar da su, wannan yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi gidan ya zama gidan tarihi. Hukumar birnin ta saye shi a 1866 bisa shawarar Haussmann, mutumin da Napoleon na 3 ya ɗora wa aikin sake fasalin Paris. Shi ne ya rushe tsofaffin unguwanni masu lungu-lungu, ya shimfiɗa manyan titunan da baƙi ke ɗaukar hoto a kansu yau. Wato hannun da ke rusau shi ne ya ce a ware wuri a adana abin da ya rage. Kafin ma a buɗe, gobarar da ta cinye ginin majalisar birni a watan Mayun 1871 ta tafi da kaya da takardu masu yawa da aka tara dominsa. Haka aka sake tattarawa, aka buɗe ƙofa a 1880. Sanin wannan ya canza mini kallon komai. Da yawa daga ɗakunan da nake ratsawa ba na wannan gida ba ne tun asali: bangon katako ne, da rufin ɗaki, da madubai, da matakala, waɗanda aka ciro daga gidajen da aka rushe, aka kawo nan aka sake haɗawa. Matakalar da aka ɗauko daga gidan Luynes, da zanen mutane tsaye a jikin bango kamar suna leƙen mai hawowa, tana cikinsu. Ban san ko in gode wa Haussmann ko in yi fushi da shi ba, kuma ina ganin duk mai kallo da hankali zai fita da wannan ruɗanin.

Wurin da na fi daɗewa shi ne zauren farko, inda aka rataye alamomin shaguna na dā. Ƙaton almakashi, ƙaton makulli, tabarau, baƙar kyanwa, duk na ƙarfe ko katako, suna lilo a saman kai. A zamanin da mutane da yawa ba su iya karatu ba, gidaje kuma ba su da lamba, da waɗannan ake kwatance: shagon da ke ƙarƙashin almakashi, gidan da ke kusa da makulli. Sai a 1805 aka kafa tsarin lambobin gidaje da birnin ke bi har yanzu. Na ji daɗin cewa da wannan zaure aka fara, domin babbar matsalar kowane gidan tarihi da ke cikin gidan attajiri ita ce, labarin mai gida ne kaɗai ke tsira. Kujerarsa mai ruwan zinare ana adanawa, tsintsiyar baransa kuwa ana jefarwa in ta ƙare. A wannan zauren maɗinki da maƙeri da mai sayar da abin sha su ne ke tarbar baƙo kafin ya kai ga ɗakunan manya. Duk da haka, da na shiga ɗakunan ƙarni na 18 masu ƙyalli, tunanin waɗanda ke hawa da sauka da ruwa da itacen murhu bai bar ni ba. Kyau kam akwai shi, amma bayan ɗaki na biyar ko na shida ido yakan ƙoshi, na wuce wasu da sauri.

A ƙasan ginin aka ajiye mafi tsufan kaya. Akwai kwalekwalen itacen da aka sassaƙa daga gungume guda, wanda aka tono a yankin Bercy a bakin kogin Seine a farkon shekarun 1990, shekarunsa sun haura 4000. Ba shi da ado ko kaɗan, baƙin itace ne kawai, amma shi ya tuna mini cewa kogin ne ya tara mutane a wurin tun kafin a san za a yi sarki ko fada.

Gidan tarihin a gaskiya gida biyu ne aka haɗa da baranda. Na biyun shi ne gidan Le Peletier de Saint-Fargeau, wanda aka shigar cikin tsarin a 1989, kuma a can ne kayan juyin juya halin 1789 suke. Shi kansa gidan yana da nasa labarin: wani ɗan zuri'ar, Louis-Michel Le Peletier, yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a kashe Sarki Louis na 16, aka soke shi da takobi ranar 20 ga Janairun 1793, kwana ɗaya kafin a fille wa sarkin kai. A nan na ga ƙaramin samfurin kurkukun Bastille da aka sassaƙa daga dutsen kurkukun kansa. Ɗan kwangilar da ya rushe shi, Palloy, shi ya sa aka yi irinsu da yawa aka rarraba wa jihohin ƙasar. Kusa da nan akwai zanen sanarwar 'yancin ɗan Adam ta 1789, wanda ake yawan gani a littattafan makaranta. Sai kuma kayan ɗakin da iyalin sarki suka yi amfani da su lokacin da suke tsare a kurkukun Temple: gado, teburi, 'yan kujeru marasa ado. Bayan ka gama ratsa ɗakunan zinare, ganin waɗannan yana sanyaya jiki. Gidan bai gaya mini wanda ke da gaskiya ba, ya jera kayan ɓangarorin biyu ya bar ni da su, kuma na yaba da hakan.

Daga cikin na baya-bayan nan, shagon kayan ado na Fouquet ya cancanci tsayawa. Mai zane Alphonse Mucha ya tsara shi a 1901, aka ɗauko shagon sukutum, da ƙofarsa da gilasansa masu launi da dawisunsa, aka dasa a cikin ɗaki.

An rufe gidan a 2016 don gyara, aka sake buɗewa a watan Mayun 2021, kuma gyaran ya nuna. Akwai lif, hanyar kallo tana bin zamani bayan zamani, bayanai suna nan da Faransanci da Turanci. Wani abin da ya burge ni shi ne an sauko da wasu kayan daidai tsayin yara, na ga wata yarinya ta tsaya gaban wani zane ba tare da an ɗaga ta ba. Abubuwan da gidan ya mallaka sun haura 600,000, waɗanda ke baje kuwa kusan 3,800 ne, kuma ko su ɗin sun fi ƙarfin yini guda.

Shawarata ga mai zuwa ita ce ya karɓi taswirar gidan a bakin ƙofa, domin tsohon gida ne mai ɗaki cikin ɗaki, ba a gina shi don jerin masu kallo ba. Ya zaɓi zamani biyu ko uku ya ba su lokaci. Ni da zan koma, zauren alamomin shaguna da ɓangaren juyin juya hali zan sake bi a hankali. A je da safe kafin ƙananan ɗakunan su cika, a sa takalmi mai daɗin tafiya, a kuma ware aƙalla awa uku. Mai tafe da yara zai iya hutawa a lambun da ke tsakiyar ginin, dandalin Vosges kuma yana nan kusa ga wanda ke son ya zauna bayan ya fito.