Hajiyar da take dafa wa gidana abinci

Bayan sadakar arba'in ta matata dangi suka watse, aka bar ni da yara uku da shago a babbar kasuwar Maraɗi. Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wata hajiya a unguwar Zariya mai dafa wa gidaje abinci, ana biyanta duk wata. Kafin azahar yaronta yakan kawo tuwon gero da miyar kuka da zafinsu, ko da yake mai yakan yi yawa, kuma ranar Juma'a yakan makara. Da ta ji autata ta daina ci tun rasuwar, sai ta riƙa haɗo mata kwaɗon zogale irin na uwarta, ba ta ƙara ko dala a kuɗin ba. Ni kaina yanzu nake cin abincin rana a zaune.